Rakiyar Adda Dije Zuwa Kwatano

Tunda na dawo daga Kwatano ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a bakin famfo tambaya, ranar kasuwar Tudun Wada har mai kayan miya sai da ta riƙe mani leda ta ce sai na faɗa mata ko gaskiya ne an ga Adda Dije a talabijin tana tsalle. Ba ta yi tsalle ba, wannan ƙarin gishirin mutanen Doguwa ne. To bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, ni kuma in samu in sha ruwa.

Adda Dije matar yayana Buba ce. Suna zaune a rugarsu gefen Falgore, suna noma suna kiwo. Ramatu ita ce 'yarsu ta fari, kuma tun da aka yaye ta aka kawo mani ita Tudun Wada, a hannuna ta girma. Kun san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kallon kirki ba ta yi masa. In Adda za ta yi maganar Ramatu sai ta ce “'yar gidanki” ko “waccan”. Ita ma Ramatu Adda take ce mata kamar yadda ta ji muna faɗa.

A makarantarmu akwai wani kwando da mai walda ya haɗa mana a jikin turken ƙarfe, ko raga babu. A nan Ramatu ta fara jifan ƙwallon kwando, lokacin da tsawonta ya fara sa ƙofofin gidana suna bugun goshinta. Daga nan sai Kano, daga Kano sai sansanin horo, ran nan kawai aka ce an ɗauke ta cikin 'yan matan da za su buga wa ƙasa a gasar ƙasashen yammacin Afirka da za a yi a Kwatano. Wata makaranta ta ƙasar waje kuma ta ba ta gurbin karatu. Ana gama gasa za ta wuce, ba za ta biyo ta gida ba, kuma Allah kaɗai ya san shekarar dawowarta.

Ta kira ni a waya tana ta zumuɗi, can sai muryarta ta sauka.

“Gwaggo, ki zo mani da Adda. Ina so ta gan ni ko sau ɗaya ne.”

“In sha Allahu.”

“Kin san tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba? In na tafi haka, ban san yaushe ba kuma.”

Na yi mata alkawari, na kashe waya, na zauna ina tambayar kaina da wace igiya zan jawo Adda.

Da na je ruga Yaya Buba dariya ya yi ya ce shi ya yarda, in na iya ɗaga ta ga ta nan. Adda tana damun fura ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Me zan je gani? Mata suna guje-guje?” Sai na canza salo. Na marairaice na ce ni tsoron hanya nake ji, mace ɗaya har wata ƙasa, in wani abu ya same ni fa? Ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, “To, in rakiya ce zan raka ki.” Tun daga ranar har muka gama yin takardun tafiya da allurar rigakafi, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce rakiyar Malama za ta yi, Malama matsoraciya ce.

A Kwanar Dangora muka tari babbar motar Legas da ta taso daga Kano. Ni jaka ɗaya na riƙo. Adda kuwa ta zo da ƙullin fura, da dambun nama, da wani ɗan bokitin roba cike da man shanu, wai na shafawarta ne. Ni dai na san wa ta ɗauko wa shi. Ta tura bokitin ƙarƙashin kujera, daidai inda zafin inji yake tasowa. Mun wuce Kaduna kenan na ji motar ta ɗauki ƙamshi kamar gidan suna. Man ya narke, murfin ya saki, ya bi ƙasan kujeru yana gangarawa gaba. Wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota ya miƙe zai gyara zama, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a tsakiyar hanya. Ya tashi yana ta faɗa da Turanci, Adda tana ba shi haƙuri da Fulatanci, ni ina tsakiya ina fassara abin da ya dace kawai.

Da ya huce ta miƙa masa dambun nama, ya ci ya ƙara, ya tambayi inda za mu. Ni da bakina ba ya riƙe magana na faɗa masa. Ai sai mutumin nan ya miƙe, wannan karon yana riƙe da kujera, ya sanar wa mota duka cewa ga uwar 'yar wasan ƙasa a cikinmu. Aka ɗauki tafi har da direba da hon. Adda ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fito da yatsa ɗaya ta nuna ni. Ni aka yi ta yi wa barka har Lakwaja, ni kuwa na karɓa da hannu biyu.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ban gan ta ba, bayan motar gabanmu kawai na gani. Mun sauka wajen wata 'yar uwarmu a Agege muka huta, sannan muka hau ƙaramar mota zuwa Seme, bakin iyaka. A ɓangarenmu ba mu sha wahala ba. A ɗaya ɓangaren ne wani jami'i mai shuɗin kaya ya karɓi takardar Adda ya zubo mata Faransanci. Ta saurare shi tsaf har ya gama, sannan ta ce mani, “In shi zai yi mani yarensu, ni ma bari in yi masa nawa.” Ta juya ta gaishe shi da Fulatanci, ta tambaye shi mutanen gida da shanu. Ina jiran a kore mu, sai na ga mutumin ya cire hula ya amsa mata. Ashe ɗan arewacin ƙasar ne, a ruga ya tashi. Suka yi ta gaisuwa layi yana tsawo a bayanmu. Ni mai takardar koyarwa na koma 'yar riƙon jaka, har muka tsallaka ba wanda ya tanka mani.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, in danja ta tsayar da su sai ka ce gonar dawa ta nuna. Mata ma suna tuƙa nasu, da goyo a baya da kwandon kifi a gaba. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, burodinsu kuwa dogo ne mai tauri, Adda ta ce da ta samu irinsa da ta kora maruƙa da shi. Da rana tsaka sai ka ga an rufe ofisoshi an tafi cin abinci da hutawa, abin da na ce da za a kawo mana shi makarantarmu da na gode.

A Zango muka sauka, unguwar Hausawa, gidan wata Hajiya Zeinabu mutuniyar Nijar da ke ba baƙi ɗaki. Doguwar mace ce, ta manyanta, tana ɗan ɗingishi. Ta kawo mana wani farin tuwon masara mai tsami naɗe a ganye, da soyayyen kifi da yaji. Ni na ci don yunwa. Adda ta taɓa ta ce wannan kamu ne aka dafa aka manta ba a dama ba. Abin da ya burge ta cukun nono ne da suke kira wagashi, mai jan baya, suna soya shi su sa a miya. Ta juya shi, ta shinshina, ta gutsura, ta ce ko ba a faɗa ba hannun Bafulatana ne ya yi wannan.

A bangon falon akwai wani tsohon hoto, 'yan mata a jere da gajerun wanduna da tulin gashi, ɗaya ta rungume ƙwallo. Hajiya ta kama ni ina kallo.

“Mi kike nema? Ga ni nan, ta tsakiya.”

Na kusa ƙwarewa da ruwa. Ashe ta buga wa ƙasarsu tun ina 'yar firamare. Ta ce a zamaninsu a kan siminti ake wasa, cikin rana, in ka faɗi fatar gwiwarka ta zauna a wurin. A bayan babbar mota suke zuwa wata ƙasa, takalmi ɗaya mutum biyu, wadda ta fito ta cire wa wadda za ta shiga. Ta ce a lokacin in aka ce da 'yan Senegal za ku kara, tun a gida ake yi maku jaje, sun daɗe suna riƙe da Afirka. “Yanzu kuwa ku 'yan Najeriya kun hana kowa sakat, har manyan ƙasashen duniya kuna ba su tsoro.” Ta ce da can ba a yarda mace ta rufe kai a filin wasa ba, ƙawayenta da yawa a kan haka suka bari. Da na nuna mata hoton Ramatu a waya da ɗankwalinta da dogon wando a ƙarƙashin kayan wasa, ta daɗe tana kallo. Ta miƙa wa Adda wayar. Adda ta ce idonta ba ya ganin abin cikin waya.

Washegari aka ba iyaye dama su je otal ɗin 'yan wasa su gaisa da 'ya'yansu. Hajiya ta raka mu don ta yi mana tafinta. Mun tarar da iyayen sauran yaran, Yarbawa da Inyamurai da wasu, ana ta rungume-rungume, wata uwa har da rawa tana kiran 'yarta da sunaye kala-kala. Mai gadin ƙofa ya tare mu ya ce iyaye kawai ake bari, wace ce uwar yarinyar? Na nuna Adda. Hajiya ta fassara mata tambayar.

“Ba ni ba ce,” in ji Adda.

“Adda!” na ce.

“Ni rakiya na yi. Ba ni da wata 'ya a nan.”

Mai gadi ya dube ni ya dube ta, ya ɗauka 'yan damfara ne. Ni ban damu da shi ba, don na riga na hango Ramatu. Tana tsaye a bayansa, ta sauko da gudu da wata ƙawarta da ta jawo don ta nuna mata uwarta. Ta ji komai. Ta san al'ada sarai, a cikinta ta tashi, amma ƙawar ba ta sani ba, sai tambayarta take da Turanci, to ina maman taki? Ramatu ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Adda. Adda ta kalli bango ta ce, “Lafiya lau.” Yarinyar ta rungume ni, ta ce koci yana kiransu. Babu kocin da ya kira su.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Muna komawa masauki na rufe ƙofa na sauke mata. Na ce mun ƙetare ƙasa guda don ki ce ba 'yarki ba ce? Ta bar ni na gama, tana ninke mayafinta.

“Malama, ni ma 'yar fari ce. Har Innata ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba. Ko rana ɗaya ban taɓa zaton ba ta so na ba.”

“Ke kin zauna kusa da ita kina ganin abin da take yi maki. Wannan tafiya za ta yi.”

Ta ajiye mayafin. Can ta ce, “Bakina ba zai iya ba. In na buɗe sai in ji kamar na tuɓe a kasuwa.”

Wasannin farko Adda ba ta je ba, kullum kanta ke ciwo. Ni da Hajiya muke zuwa. Ramatu tana shiga fili sai ta ɗaga kai ta duba inda muke, ta ga kujerar gefena wayam. Wasanta ya lalace, ƙwallo tana suɓuce mata, jifanta yana dukan bakin kwando yana dawowa, har koci ya mayar da ita benci. Sauran yaran ne suka ja mu har wasan ƙarshe. In na dawo Adda ba ta tambaya, amma sai ta zauna kusa da ƙofa inda za ta ji ina ba masu gida labari.

Ranar wasan ƙarshe Hajiya Zeinabu ba ta roƙi kowa ba. Ta ci ado, ta fito da ƙaton kwaɗo, ta ce yau gidan nan kulle shi za ta yi, mai ciwon kai ma sai ya fito ya sha iska. Haka Adda ta bi mu tana gunaguni.

Jama'a, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba! Ɗaki ne guda amma ya fi filin makarantarmu, ƙasan katako sai ƙyalli yake, ga ganguna, ga kakaki na roba, ga 'yan Najeriya mazauna garin sun shafa kore da fari a fuska. Da aka jera 'yan matanmu aka sa taken ƙasa, na ga Ramatu ta ɗora hannu a ƙirji, yarinyar da na yi wa wanka a baho, sai hawaye suka zubo mani. Ƙasar da muka kara da ita ba zan faɗi sunanta ba, kada a ce ina gori. Ku dai sani 'yan matansu ƙarti ne, kuma sun iya.

Adda ta zauna ta juya gefe, wai ita masu ganga take kallo. Ba a daɗe ba na ji tana cewa, “Waccan mai kitson ba ta iya tare ba, ko maraƙi sai ya wuce ta.” Ashe da wutsiyar ido take bin komai. Aka yi ta fafatawa, mu ci su ci, na yi ihu har muryata ta dushe, Hajiya tana zagin alƙalin wasa da Faransanci. Ana cikin zangon ƙarshe babbar 'yar wasanmu ta yi laifin da ya fitar da ita. Koci ya waiga benci ya nuna Ramatu.

Ta tashi, ta ɗaga kai wajenmu kamar kullum. Wannan karon kujerar da mutum. Na ga ta tsaya cak, sai da ƙawarta ta tura ta.

Abin da yarinyar nan ta yi bayan haka sai wanda ya gani. Ta tare, ta ƙwace, ta yi tsalle ta doke ƙwallon wata har cikin 'yan kallo. Lokaci ya zo ƙarewa suna gabanmu da maki ɗaya, aka jefo mata ƙwallo a kusa da kwando. Ta cafe, tana neman wadda za ta ba, ba ta ga wata da ta lallaɓo ta bayanta za ta fizge ba. Sai na ji an miƙe a gefena.

“Ramatu! Bayanki!”

Ramatu ta juya, ta ɗaga, ta saki. Ƙwallo ta zagaya bakin kwando ta faɗa. Ƙarar tashi ta ɗauka, ɗakin ya kece. Na rungume Hajiya, na rungume wata mata da ban sani ba, ɗankwalina ya tafi inda har yau ban gan shi ba. Da na waiwayo Adda ta koma ta zauna, hannunta biyu a kan baki, idonta a waje.

“Kin ji wani abu?” ta ce.

“Ni? Wannan hayaniyar?”

Bayan an ba da kofi ba a ɓata lokaci ba, motarsu tana jira a waje za ta kai su Legas, daga can Ramatu ta hau jirgi. Muka same ta a gindin mota da lambar yabo a wuya. Ta rungume ni, ta durƙusa wa Adda. Adda ta kalli tayar mota. Na ga lokaci yana tafiya, na ce yau ko za ta daina yi mani magana sai na faɗa.

“Ramatu, ta kira sunanki. Da ƙarfi ma, kunnena har yanzu ƙara yake.”

“Malama ba ta da kunya,” in ji Adda. “Ganguna ne. Ba wanda ya ji.”

Ramatu ta ɗago ta dube ta, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Ni ma ban ji ba, Adda.”

Ta tsaya tana jira. Adda tana murza bakin mayafi. Direba ya tayar da mota, koci ya leƙo ya ce a shiga. Ramatu ta ƙara ɗan jim, sannan ta miƙe ta saɓa jaka ta juya. Na ce a raina shi kenan. Ta sa ƙafa ɗaya a matakala.

“Ramatu.”

A hankali ta faɗa, ba ganga ba kakaki. Yarinyar ta tsaya, ba ta juyo ba, na ga kafaɗunta suna motsi.

“Na'am.”

“Ki riƙa yin salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kin rame.”

“To, Adda.”

Ƙofa ta rufe, mota ta ja. Adda ta tsaya a wurin tana kallonta, ba da wutsiyar ido ba, har ta sha kwana.